Jarrabawar GMAT: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Kowace shekara ana samun samari da ƴan mata da suka kammala lisansi ko mastar a fannin tattalin arziki da gudanarwa, daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko jami'o'in jihohi, tare da ma'aikatan bankuna da na kamfanoni, waɗanda ke da burin ƙaro ilimi a manyan makarantun koyon kasuwanci na ƙasashen ƙetare. Ƙofar farko da yawancin makarantun nan ke girke wa mai nema ita ce jarrabawar da ake kira GMAT. Kuɗin rajistarta kaɗai ya kai wajen jika 150 na sefa ko fiye, ban da kuɗin littattafai, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda zai je wata ƙasa ya zauna mata. Sau da yawa dangi ne ke haɗa wannan kuɗi. Abin takaici shi ne ɗalibi ya kwashe wata uku yana karatu dare da rana, ya zauna ya samu makin da bai kai ba, ya ƙara wasu wata uku, ya sake biya, ya sake zama, sakamako ya fito kusan yadda yake a karon farko. A nan ne wasu ke yanke ƙauna, su ce ƙwaƙwalwarsu ce ba ta kai ba. Alhali kuwa, galibi laifin na salon karatun ne, kuma salo abu ne da ake iya gyarawa.

Mece ce wannan jarrabawa?

A shekarar 1953 ne wakilan wasu makarantun kasuwanci tara na ƙasar Amurka suka haɗu domin samar da ma'auni guda na tantance masu neman shiga, aka kuma yi zaman farko a 1954. An sa mata sunan da take ɗauke da shi yanzu a 1976. Hukumar GMAC, mai mazauni a jihar Bajiniya ta Amurka, ita ce mai jarrabawar. Tun 1997 aka koma yin ta a kan kwamfuta, kuma a watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabon tsari, wanda ya maye gurbin tsohon baki ɗaya a farkon 2024.

Wannan sauyi yana da muhimmanci ga ɗalibin da ya gaji littattafan yayansa ko ya saye su a hannun masu tsofaffin littattafai. A sabon tsari babu rubutun insha'i, babu tambayoyin gyaran nahawun jimla, an kuma cire darussan siffofi da kusurwoyi daga sashen lissafi. Wanda ya ɓata makonni yana haddace waɗannan ya yi aikin baban giwa.

Sassa uku ne, kowane minti 45. Sashen lissafi yana da tambaya 21, sashen fahimtar rubutu da auna hujja yana da 23, sashen nazarin bayanai yana da 20. Jimilla tambaya 64 cikin awa biyu da minti 15, da hutun minti 10 ga mai so. Ɗalibi ne ke zaɓar sashen da zai fara da shi. Kowane sashe ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, kuma nauyinsu ɗaya ne a cikin babban maki, wanda ke tashi daga 205 zuwa 805. Bisa jadawalin da hukumar ta fitar, maki 645 na yanzu daidai yake da 700 na tsohon tsari. Sakamako yana aiki har shekara biyar.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan jarrabawa da ta bambanta ta da bak da sauran jarrabawoyin da aka saba da su a lakkol. Kwamfuta ce ke zaɓo tambaya bisa ga amsoshin da suka gabata: in ɗalibi ya ci, ta miƙo masa wadda ta fi wuya, in ya faɗi, ta sassauta. Saboda haka kowa, komai ƙwazonsa, zai ci karo da tambayar da ta fi ƙarfinsa, domin haka aka gina ta. Makin kuma ba ƙidayar amsoshin daidai kawai ba ne, ana duba wuyar tambayoyin da aka ci da waɗanda aka faɗi. Faɗuwa a tambaya mai sauƙi ta fi ciwo bisa ga faɗuwa a mai wuya.

Dalilin da ke sa yawan awoyi ba ya ɗaga maki

Ɗalibin da ya taso a tsarin karatun Faransanci ya saba da hanya guda: ya kwafi darasi a kaye, ya karanta, ya maimaita, ya ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare, ranar jarrabawa ya zuba abin da ya haddace. A lissafi kuma mushe yakan ba da rabin maki ga wanda ya bi hanya mai kyau ko da amsar ƙarshe ta kuskure. GMAT ba ta ganin hanya, amsa kaɗai take gani, kuma ba ta tambayar abin da aka haddace. Lissafin da ke cikinta bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, matsakaici, sauri da nisa, ƴan ƙa'idojin aljabara. Abin da take aunawa shi ne yadda mutum ke tunani da waɗannan ƙananan kayan aiki alhali agogo na gudu. In kiɗa ya sake, dole rawa ta sake.

Masu binciken yadda ɗan Adam ke koyo sun daɗe da gano raunin maimaita karatu. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyi da kwanakin farko bayan koyo, kuma komawa ga abin bayan an ba da tazara yana rage ta. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na jami'ar Washinton da ke birnin Sen Luwis sun gwada ɗalibai da wani gajeren rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Ɗaya kashin suka karanta a zama guda, sa'an nan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, waɗanda aka yi ta tambaya kuwa kashi 61. Abin lura a nan, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma, suka tarar biyu ne suka fi amfani, wato gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba karatu cikin kwanaki. Jan layi da maimaita karatu suna cikin na baya.

Darasin a fili yake. Karanta amsar da ke bayan littafi, a gyaɗa kai a ce an gane, yana sanyaya zuciya amma ba ya zama a kai. Haka nan amsa tambaya ɗari biyu a mako ba tare da waiwaye ba, maimaita kuskure ɗaya ne sau ɗari biyu.

Littafin kurakurai

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi yana da littafin da yake rubuta bashi da asara, domin a nan ne yake gane ta inda dukiya ke zurarewa. Mai shirin GMAT ma yana bukatar irinsa. Kaye guda ya isa. Kowace tambayar da aka faɗi, da wadda aka ci bisa sa'a, da wadda aka ci amma ta cinye fiye da minti uku, sai a ba ta layi: ranar da aka yi ta, irin tambayar, amsar da aka zaɓa, lokacin da ta ci, da dalilin kuskuren cikin jimla guda. Wannan jimla ita ce zuciyar aikin. Rubuta “ban kula ba” ba dalili ba ne. Dalili shi ne a ce: “an tambayi abin da ya rage, na ba da abin da aka kashe.”

Bayan mako biyu ko uku, ɗalibi zai ga kurakuransa sun rabu gida huɗu. Na farko rashin sanin ƙa'ida, maganinsa komawa ga darasi. Na biyu rashin fahimtar Ingilishin tambayar. Na uku faɗawa tarkon da aka ɗana da gangan, domin amsoshin ƙarya da ke jere tare da ta gaskiya an ƙera su ne daga kurakuran da mutane suka saba yi. Na huɗu gaggawa ko ƙurewar lokaci. Kowane gida da maganinsa, kuma wanda ya sha maganin wani ciwo ba zai warke daga nasa ba. Ɗalibi nawa ne suka koma suna bitar aljabara tun daga tushe, alhali ciwonsu na karatun tambaya ne?

Sa'an nan a riƙa komawa. Tambayar da aka faɗi yau, a sake yin ta bayan kwana uku ba tare da duba amsa ba, a sake bayan kwana goma. In an ci ta sau biyu a jere, a soke ta. Ƙa'ida mai kyau ita ce lokacin waiwaye ya kai lokacin amsa tambayoyi ko ya fi shi. Tambaya goma da aka tona har saiwa sun fi hamsin da aka bi ta kansu a guje.

Tarkon da ke tsakanin Faransanci da Ingilishi

Jarrabawar da Ingilishi ake yin ta, kuma akwai wasu ramuka da ke jiran wanda ya koyi lissafi da Faransanci musamman. A rubutun lambobi, waƙafi da aya sun yi musanyar aiki: 1,500 a wurin Bafaranshe ɗaya da rabi ne, a wurin Ba'amurke dubu ɗaya da ɗari biyar. Kalmar “billion” a Ingilishi miliyan dubu ce, wato miliyar, a Faransanci kuwa miliyan sau miliyan. A lissafin Faransanci, lambar da aka ce “positif” tana iya zama sifiri, amma “positive” ta Ingilishi ba ta haɗa da sifiri ba. Haka nan “supérieur à” yakan haɗa da daidaito, “greater than” kuwa ba ya haɗawa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma tambaya sukutum takan rataya a kan ko sifiri ya shiga ko bai shiga ba. Ya kamata a ware musu shafin farko na littafin kurakurai.

Game da sashen fahimtar rubutu, haddace jerin kalmomi ba ya kai mutum nesa. Abin da ke aiki shi ne karanta rubutu mai nauyi na Ingilishi kullum, ko da na minti talatin, kan tattalin arziki, kimiyya ko tarihi, a rufe shi, a faɗi cikin jimla biyu abin da marubucin yake son tabbatarwa da hujjar da ya dogara a kai. Wanda Ingilishinsa bai kai ga haka ba, gara ya ba harshen wata uku ko shida tukuna kafin ya taɓa littafin GMAT. Wannan jinkiri ya fi arha bisa ga biyan rajista sau biyu.

Misalai uku

Ga misalai da aka tsara da kayan gida domin a ga irin tunanin da ake nema. Ɗan kasuwa ya ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin buhu, da kasuwa ta ƙi sai ya rage kashi 20 cikin ɗari. Mai gaggawa zai ce saura ƙarin kashi 5. Amma a ɗauki buhun jika 20: ƙari ya kai shi 25, ragin kashi 20 na 25 jika 5 ne, ya dawo 20 cif. Wanda ya faɗi wannan, abin da zai rubuta a littafinsa shi ne cewa kaso na biyu a kan sabon kuɗi ake lissafa shi. Zai kuma ƙara da dabarar da ta fi sauri, wato sa lamba ta gaske maimakon jan dogon aljabara.

Na biyu daga sashen nazarin bayanai, inda ake da wata irin tambaya da ba a san ta a lakkol ba. Ana ba da tambaya da bayani biyu, a ce a faɗi ko sun wadatar a samu amsa. Alal misali: an sayar da buhu 30 na hatsi da wake, nawa ne na hatsi? Bayani na ɗaya: buhun hatsi jika 20, na wake jika 30. Bayani na biyu: an tara jika 700. Na ɗaya shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka, amma in an haɗa su amsa guda ce tak za ta fito. Iyakar abin da ake so ke nan. Ɗalibin da ya zauna ya warware har ya gano buhu 20 ne, ya ci tambayar amma ya yi asarar minti guda da zai nema a gaba. Zaɓin amsa biyar na irin wannan tambaya ba ya sauyawa, don haka a san su tun kafin ranar. A wannan sashe ne kaɗai ake ba da na'urar lissafi a kan allon kwamfuta, kuma tambayar da ke da rassa sai an ci dukkan rassan ake samun makinta.

Na uku daga auna hujja. Mai kanti ya sa talla a rediyo, cinikinsa ya ninka a wannan wata, sai ya ce talla ce ta jawo. Tambaya: wane bayani ne zai fi raunana maganarsa? Amsar da ke cewa tallar ta yi tsada ba ta taɓa hujjar ba. Wadda ke cewa watan na jajibirin salla ne, kuma duk kantunan garin cinikinsu ya ninka, ita ce ta sare ta. Kafin a dubi zaɓin amsoshi, a ware abin da aka yanke, a ware dalilin da aka kawo, a nemi gibin da ke tsakaninsu.

Agogo

Minti 45 ga tambaya 21 ya kama minti biyu da ƴan daƙiƙoƙi ga kowace tambayar lissafi, ƙasa da minti biyu ga ta fahimtar rubutu, minti biyu da kwata ga ta nazarin bayanai. Barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe yana jawo ragin maki mai tsanani. Saboda haka sanin lokacin da za a saki tambaya fasaha ce da ake koyo kamar kowace. In minti biyu da rabi sun wuce ba a ga hanya ba, a kawar da amsoshin da ba su yiwuwa, a zaɓi ɗaya cikin sauran, a sa mata alama, a wuce. Sabon tsari ya yarda a waiwayi tambayoyi a ƙarshen sashe in lokaci ya rage, a kuma sauya amsa har uku a kowane sashe. Ɗalibai masu ƙwazo ne wannan ya fi yi wa wuya, domin sun saba ba a kayar da su a aji. Amma makarantar kasuwanci tana neman wanda ya san ranar da ake yanke asara.

Tsarin mako goma sha biyu

Ga ma'aikacin da ke da awa ɗaya da rabi a rana, aikin yana iya tafiya kamar haka. A makon farko ya yi cikakkiyar jarrabawar gwaji cikin sharuɗɗan gaske, da agogo, ba waya, ba tashi. Hukumar GMAC tana ba da gwaji biyu kyauta a shafinta na intanet. Wannan gwaji ne zai nuna masa inda yake, sai ya duba matsakaicin makin da makarantar da yake so take bugawa, ya san nisan tafiyarsa. Daga mako na biyu zuwa na biyar ya gyara tushe, darasi bayan darasi, da tambayoyi masu sauƙi da matsakaita, ba tare da matsin agogo ba. Daga na shida zuwa na tara ya cakuɗa nau'o'in tambayoyi, ya sa agogo, domin ranar jarrabawa ba wanda zai gaya masa daga wane babi tambaya ta fito. Makonni ukun ƙarshe na cikakkun gwaje-gwaje ne, ɗaya a mako, a daidai sa'ar da zai zauna ta gaske, washegari kuma a tona gwajin tambaya bayan tambaya. Awa ɗaya da rabi kullum ta fi awa goma ranar Lahadi. Kuma tambayoyin da hukumar ta buga da kanta cikin littafinta na shekara-shekara sun fi na kowa kama da na gaske.

Karatu da aboki ɗaya ko biyu yana da amfani in kowa zai bayyana wa ɗan'uwansa dalilin da ya sa amsoshi huɗu suka zama ƙarya. Wanda ya kasa bayani bai gane ba tukuna.

Wanda ya nufi makarantun Faransa ya bincika tun da wuri, domin da yawa cikinsu suna karɓar jarrabawar TAGE MAGE, wadda gidauniyar FNEGE ke shiryawa da Faransanci: tambaya 90 cikin sassa shida, kowane minti 20, maki bisa 600, ba na'urar lissafi. Wasu makarantun kuma suna karɓar GRE a madadin GMAT. Ko wacce aka zaɓa, littafin kurakurai da tazarar bita aikinsu ɗaya ne.

Yaushe za a biya rajista?

Doka ta yarda a zauna GMAT har sau biyar cikin wata goma sha biyu, da tazarar kwana 16 tsakanin zama da zama, amma aljihun talaka bai yarda ba. Kada a biya sai gwaji biyu a jere sun kai makin da ake nema. Ana yin ta a cibiyoyin kamfanin Pearson VUE, kuma tun 2020 ana iya yin ta daga gida ta intanet. Wanda zai yi daga gida ya tabbatar da wutar lantarki da layin da ba za su yanke ba har awa uku. Wanda zai tsallaka iyaka ya tanadi fasfo mai rai, ya kuma tabbatar sunan da ke rajista ya yi daidai da na fasfon harafi da harafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya riga ya zauna bai samu yadda yake so ba, kada ya koma shafi na ɗaya na littafin da ya gama. Rahoton sakamakonsa yana nuna yadda ya yi a kowane sashe da kowane nau'in tambaya, har da lokacin da ya ɓata. Daga nan zai buɗe kayensa, ya fara da gidan da ya fi yawan layuka. Iyaye da yayye masu biyan kuɗin ma suna da abin tambaya da ya fi “awa nawa ka yi yau?” Su ce ya nuna musu littafin kurakuransa, su ga layi nawa ya soke a wannan mako.